Yatsa Biyar

Mata masu zuwa itace ne suka iske Sha'ibu kwance a bakin gonar Zailani, rana ta take tsaka, ƙudaje sun riga kowa zuwa. Albarushi ya ƙone masa gefen fuska, hannun hagu ya dagargaje, ga wani rauni a maƙogwaro. Bindigarsa ba ta wurin. Kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, domin mutanen Pauwa ba sa barin gawa ta jira kowa, ko da uban mamacin ne. Uban, Malam Gide mai bin sawu, yana can dajin Faskari a bayan wasu shanu da aka kore. Sai washegari ya dawo, ya tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidansa da mutane a kai.

Ya tarar kuma an gama shari'ar tun a bakin kabari. Zailani ne, in ji kowa. Zailani shi ke auren Hajaratu, ƙanwar mamacin, amma tun da jakin Sha'ibu ya shiga gonarsa ya yi masa ɓarnar wake ba sa ga maciji da juna, har an ji shi a bainar jama'a yana cewa sai ya koya wa yayan matar tasa hankali. A bakin gonarsa aka tsinci gawar. Da aka shinshina bakin bindigarsa aka ji warin sabon albarushi. Mutanen Pauwa, Allah ya ba su haƙuri, in suka haɗa abu uku irin wannan ba sa neman na huɗu. Dogarai sun riga sun tasa ƙeyarsa zuwa Ƙanƙara, ana jiran motar da za ta tafi Katsina ranar kasuwa mai zuwa, kuma ba wanda bai san inda shari'ar kisan kai ke kai mutum ba.

Gide ya zauna ya karɓi gaisuwa. Sha'ibu ɗan farinsa ne, ko sunansa bai taɓa kira ba, don haka ba wanda ya sa ran ganin hawayensa. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ba ɓoyewa yake yi ba. Ya laluba cikin ransa bai ji komai ba, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Da ya shiga cikin gida ya ga Hajaratu ita kaɗai a gindin rumbu da goyo a bayanta, sauran mata sun ja tabarminsu can nesa da ita. Ba ta yi kuka ba ita ma. Ta gaishe shi, ta jira har ya zo wucewa.

"Baba, an rufe Yaya jiya. In aka kai uban yaran nan Katsina, na rasa biyu ke nan. Ni ban ce bai yi ba, ban ce ya yi ba. Ka tahi ka duba ƙasa."

Ya ɗauki sandarsa ya fita.

*

Inda aka ɗauki gawar ba abin da ya rage, rabin gari ya tattake wurin. Amma masu rugowa kallon gawa, gawar kawai suke nufa, ba mai duba ta inda ta fito. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, ƙasa da sauran laushinta. Gide ya bi ɗigon jini da kwanciyar ciyawa ya koma baya, har gindin wani marke mai ɗan nisa daga gonar. Nan yaron ya durƙusa yana dakon gyado, aladen dajin nan da ke shiga gonaki. Ga shaidar gwiwarsa, ga sawun gyadon can gaba inda ya zabura ya gudu.

Sawun Zailani yana nan a gefen gonarsa, amma tsoho ne, raɓa ta riga ta zubar masa da baki, kuma bai kusanci marken ba. Mutum biyu ne suka zo kusa. Ɗaya ba takalmi, da kare a bayansa. Ɗayan ya jingine keke a kan hanya ya shigo da takalmin tayar mota, diddigen hagu ya cinye ta waje har an buga masa ƙusa. Wannan ne ya ɗaure wa Gide kai. Wanda ya yi kisa gudu yake yi, ko ya tsaya cak sannan ya juya. Shi kuwa wannan zagaye ya yi ta yi, ya taka ya durƙusa, ya taka ya durƙusa, kamar kaza na tsintar tsaba. Daga nan ya koma ga kekensa ya bi hanyar Ƙanƙara, inda kekunan 'yan kasuwa suka shafe shi.

Sai ya bi mai karen, tun da nasa sawun bai ɓace ba. Ya kai shi unguwar Maguzawa ta bayan dutse, gidan wani maharbi mai suna Ɗanhausa, wanda dama 'yan gari sun ajiye sunansa a gefe ko da na Zailani zai ƙi ci. Ɗanhausa bai musa ba. Ya ce ya wuce da fitowar rana, ya hangi Sha'ibu durƙushe, ya ɗaga masa hannu ya janye karensa don kada ya ɓata masa dako. Ya yi nisa sannan ya ji ƙara, sau ɗaya tak.

"Ba ta yi kukan bindiga ba, Malam," in ji shi. "Kamar an saki tulu bisa dutse."

Ya ce ya ɗauka albarushi ne ya sha sanyi, ya ci gaba da tafiyarsa. Ƙasa ta gaskata shi, domin sawunsa ya tafi bai dawo ba.

*

Limamin da ya yi wankan gawar ya gaya wa Gide abin da ya gani, ba ƙari. Jama'a sun ce harbin kusa aka yi wa yaron, ya ɗaga hannu ya kare, shi ya sa hannun da fuskar suka ƙone. Shi liman bai san wannan ba. Abin da ya sani, raunin wuya ba shi da zurfi, murya dai zai hana fita. Jinin hannun ne ya ƙarar da shi. Ya ce da an sami mai ɗaure hannun da wuri, to, Allah ne masani.

A Ƙanƙara an ajiye Zailani a wani ɗaki bayan gidan hakimi, da ankwa a ƙafa. Tun da ya auri Hajaratu bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba, in ya hango shi tafe ma ratse hanya yake yi. Yau ba inda zai ratse. Ya sunkuyar da kai, Gide ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon bango, a haka suka yi maganar. Ga akushin tuwo a gefe ya bushe ba a taɓa ba.

Zailani ya ce birai ya harba da yammacin ranar da ta gabata, shi ne warin da aka ji. Da safen da abin ya faru yana ɗaya gefen gonar yana yankan ciyawa. Gide ya tambaye shi ko ya ji wani abu.

"Na ji ƙarar bindigar, Baba. Na san ko wane ne, don shi ɗai ke dako a wurin. Na kuma ji ba daidai ta tashi ba. Na aje lauje zan tahi, sai na tuna muna fushi, na ce kada ya ce na zo yi mashi dariya. Na ɗauki laujena."

Ya ce bai gaya wa dogarai wannan ba, kuma bai damu da motar Katsina yadda ake zato ba. Bai harbi kowa ba, amma tun da aka kawo shi tambaya ɗaya ce ke hana shi haɗiyar abinci. Gide bai tambaye shi wace ce ba. Ya ce masa ya ci tuwo, ya juya ya fita.

*

Mai bin sawu yana da aibi guda, wuyansa a karye yake, ƙasa kawai yake kallo. Gide ya koma gindin marken ya sake zagaye shi har ya gaji bai ga sabon abu ba. Ya zauna daidai inda yaron ya durƙusa, ya jingina da itacen don ya huta. Tururuwa ce ta dame shi, tana bi ta kafaɗarsa tana hawa sama. Ya ɗaga kai ya ga inda ta nufa. Sama da tsayin mutum ƙaro yana tsattsafowa daga wani sabon rauni a jikin marken. Ya taka saiwa ya sa wuƙa ya ƙwaƙule, sai ga guntun ƙarfe lanƙwasasshe, tsawon ɗan yatsa. A bayansa akwai rabin tambari, zane irin na ƙafar zabo.

Ba wanda ke riƙe bindiga tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da bai san wannan tambari ba. Na Sarkin Maƙera Mamuda ne na Daudawa. Bindigarsa 'yar Mamuda ake ce mata, da ƙarfen sitiyarin matattun motoci yake ƙera ta, ƙarfen da ba shi da ɗinki ko ɗaya. Maharbi in ya ɗura albarushi, sandar ɗuri yake zurawa a bakin bindiga, abin da ya rage a waje ya auna shi da yatsu, ta haka yake sanin yawan abin da ya zuba. Bindigogin sauran maƙera yatsa biyu suke ci, masu ƙarfin hali uku. 'Yar Mamuda kuwa tana cin yatsa biyar ba ta ko tari, kuma wanda ya fita neman gyado biyar ɗin zai ɗura. Gide da kansa ya saya wa yaron ita bara a kasuwar Ƙanƙara, ya duba tambarin da kyau kafin ya karɓa.

Ashe ba wanda ya harbi kowa. Bindigar ce ta fashe a hannun mai ita, kuma tsintar da mai takalmin taya ya yi ta yi, gutsattsarinta yake tarawa. Ya kwashe na ƙasa sarai, bai ɗaga kai sama ba.

Da wannan a ransa Gide ya sake bin sawun jan cikin da yaron ya yi daga marken zuwa gonar, a hankali wannan karon, sai ya ga abin da bai so gani ba. Takalmin tayar ya taka jinin da ya riga ya yi ɓawo, wato rana ta ɗaga kafin ya iso. A wani wuri kuma gwiwar hannun yaron ce ta bi ta kan sawun takalmin ta shafe rabinsa. Mutumin ya iske shi da rai, ya yi tsintarsa a gefensa, ya tafi ya bar shi da rai. Bayan tafiyarsa yaron ya ci gaba da jan ciki ya nufi gonar da ta fi kusa, duk inuwar da ya samu sai ya huta a ciki, jini ya taru, ya sake ja. Ya daɗe ƙwarai.

Gide ya tsaya yana jiran abin da zai taso masa. Ba abin da ya taso. Ya ciro goro ya ɓantara, ya ɗaure guntun ƙarfen a bakin rawaninsa.

*

Ya isa Daudawa da hantsi. Maƙerar Mamuda babba ce, amma wuta ɗaya ke ci, ana ta fartanya da lauje. Tun kafin ya yi sallama ya ga abin da ya kawo shi a tokar bakin ƙofa, diddigen hagu da ƙusarsa, sabo fil. Keke na jingine a bango. Mai keken ya fito da fara'a da riga mai tsabta, ba alamar gawayi a hannunsa. Hadi ne, ɗan Sarkin Maƙera, shi ke kai bindigogin gidan kasuwanni. Ya yi wa Gide ta'aziyya mai tsawo, ya la'anci Zailani, ya ce yana sauri ne, ya hau kekensa.

Sarkin Maƙera yana zaune kan buzu a can ciki. Gide ya yi shekaru bai gan shi ba. Yanar ido ta rufe masa idanu fari fat, hannuwansa suna rawa a kan gwiwa. Bayan sun gaisa Gide ya kwance guntun ƙarfen ya sa masa a tafi. Tsohon ya shafa bayansa, ya shafa cikinsa, ya bi bakin fashewar da farce.

"Tambarina ne," in ji shi. "Ƙarfen ba nawa ba ne."

Ya ce bututun ruwa ne irin na famfo, ga ɗinkinsa nan ta ciki, ta nan ya tsage. Gugar magagarin da ke jiki kuma ta bahago ce, bahago ɗaya ya taɓa koya wa ƙira, Ɗanliti, wanda yanzu ke Sabuwa. Shi kansa ya daɗe rabonsa da guduma. Da idonsa ya tafi ya miƙa wa Hadi ƙarfen buga tambarin, Hadi ya ce shi zai ci gaba da aikin. Gide ya tambaye shi ko bai taɓa yin shakka ba.

"Kunnena bai mutu ba, Malam Gide. Ina jin bugun guduma bai kai yawan bindigogin da ake fita da su ba. Ban tambaya ba."

Sannan ya tambaya wa ta kashe. Gide ya ce yaron gidansa ne, babban. Tsohon ya riƙe guntun ƙarfen ya ƙi saki, sai da Gide ya buɗe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

*

Ɗanliti na Sabuwa mutum ne mai yawan dariya, kuma ba shi da abin ɓoyewa. Ya ce ƙwarai shi ke yin su, ga ma wasu nan jere a bango, ba tambari a jikin ko ɗaya, don wa ya san Ɗanliti balle ya nemi sunansa a ƙarfe. Hadi ke zuwa ya naɗe su a tabarma ya ɗaure bayan keke. Ƙarfen sitiyari ya yi wuya, masu neman bindiga sun yi yawa, shi kuwa bututu yake samu. Ya ce bindigogi ne masu kyau a wurinsu, na korar biri da tsuntsu da harbin ranar biki, yatsa biyu, in an matsa uku, haka yake gaya wa duk wanda ya saya daga hannunsa.

Gide ya nuna masa guntun, ya juya masa wajen tambarin. Ɗanliti ya duba, dariyar ta tafi. Ya tambaya nawa aka ɗura mata. Gide ya ɗaga masa hannu ɗaya a buɗe. Maƙerin ya nemi wuri ya zauna a ƙasa, cikin gawayi, bai ko duba ba.

Ya ce ya taɓa jin ƙishin-ƙishin ana buga musu ƙafar zabo, har ya yi wa Hadi maganar, Hadi ya ce mutane suna suke saye, ba ƙarfe ba, kuma ba wanda ke ɗura biyar a zamanin nan sai a baki. Shi kuma ya yarda don yarda ta fi masa sauƙi. Gide ya ce ranar kasuwar Ƙanƙara yana son ganinsa a gaban wakilin hakimi. Ɗanliti ya ce ko ba a kira shi ba zai zo.

*

Ranar kasuwa motar Katsina ta tsaya a bakin tasha ana loda mata buhuna. A ƙofar gidan hakimi wakili ya zauna, jama'a suka kewaye, mutanen Pauwa a sahun gaba don su ga an tafi da wanda suka riga suka yanke wa hukunci. An fito da Zailani da ankwarsa, ya rame har riga ta yi masa yawa. An kawo Sarkin Maƙera bisa jaki. Ɗanliti da Ɗanhausa da liman suna gefe. Hadi kuwa daga rumfarsa dogari ya kira shi, ya zo da bindigogin da ya kasa, yana tsammanin shaida kawai ake so ya bayar.

Gide bai iya dogon jawabi ba, bai kuma yi ba. Ya ajiye guntun ƙarfen a gaban wakili ya faɗi inda ya ciro shi. Ɗanhausa ya faɗi ƙarar da ya ji, Sarkin Maƙera ya faɗi abin da yatsunsa suka gaya masa, Ɗanliti ya ce aikinsa ne. Hadi ya ce duk ƙarya ce, wani ne ya kwaikwayi tambarin ubansa, bindigogin hannunsa kuwa 'ya'yan Mamuda ne na asali, kowa ya duba. Game da takalmi ya ce rabin kasuwar nan taya suke takawa. Wasu daga cikin jama'a suka gyaɗa kai, don maganar ta shiga.

Sai Gide ya zaɓi ɗaya daga cikin bindigogin, ya nuna wa wakili ƙafar zabon da ke jikinta. Ya karɓi albarushi a hannun Ɗanhausa ya ɗura, ya zura sandar ɗuri, ya jera yatsunsa a kan abin da ya rage inda kowa zai gani. Biyar cif. Ya miƙa wa Hadi, ya ce ga fili can ba kowa, ya ɗora ta a kafaɗa ya harba.

Jama'a suka ja da baya. Hadi ya karɓa, ya juya ta, ya ce albarushin Maguzawa ya cika ƙarfi. Aka ce a kawo wani. Ya ce kafaɗarsa na ciwo. Ba wanda ya yi dariya. Yana nan tsaye da ita a hannu kamar an ba shi riƙon maciji, sai aka ji muryar Sarkin Maƙera daga inda yake zaune.

"Ku ba ni ita. Sunana ne a jiki, ni ya kamata in harba. A nuna mani inda filin yake."

Ya miƙo hannuwansa masu rawa. Hadi ya dubi uban nasa, ya ajiye bindigar a ƙasa a hankali, ya zauna a gefenta. Ya ce yana kan hanyar kasuwa ne ya ga ungulaye sun fara kewayawa, ya ratse ya duba, ya ga abin da ya faru, ya ga tambarin a kan ƙarfen da ya tsage. Ya san in aka gani sunan gidansu ya mutu. Ya tsince abin da ya samu, ya jefa a wata tsohuwar rijiya a hanya. Da ya ji an kama Zailani ya yi niyyar magana, sai ya yi ta ɗagawa.

Wakili ya tambaye shi a wane hali ya sami yaron.

"Na iske ya riga ya cika, ranka ya daɗe."

Wakili ya juya wajen Gide ya ce mi ƙasa ta ce game da wannan. Kowa ya san bambancin. Wanda ya ɓoye bindiga da wanda ya tsallake mai rai ya bar shi jini ya ƙare, ba hukuncinsu ɗaya ba. Kalma ɗaya daga bakin Gide ta isa a tafi gindin marken a gani da ido. Hadi ya ɗago ya dube shi, ya san Gide ya sani. Amma ba Hadi Gide ke kallo ba. Zailani ne ya ɗago kai karon farko, bakinsa a buɗe, yana jiran amsar fiye da kowa a wurin.

Gide ya ce ƙasa ba ta gaya masa wannan ba.

Aka cire wa Zailani ankwa aka sa wa Hadi, kan laifin buga tambarin ƙarya da ɓoye shaida, laifin da mutum ke zuwa ya dawo. Wakili ya ce a yi shela a kasuwanni duk mai bindiga da ƙafar zabo ya kawo a duba. Mutanen Pauwa suka zo suna yi wa Zailani barka, kowa na cewa shi dama tun farko bai yarda ba.

*

Suka kama hanyar gida da la'asar, Gide a gaba, Zailani a baya da tazarar da ta dace da suruki. A haka suka tafi har suka tsallake rafi. Nan Gide ya ji takun bayansa ya tsaya.

"Baba, ƙasa ba ta ɓoye maka komi, ko mi ka gaya wa wakili. Da na tahi sa'ad da na ji ƙarar, da na iske shi da rai?"

Gide bai juyo ba. Tun yana saurayi yake bin sawu, ya sa an ɗaure mutane, ya sa an saki wasu, bai taɓa ɗora wa ƙasa abin da ba ta faɗa ba. Ya ga inuwoyin nan a idonsa ɗaya bayan ɗaya, da jinin da ya taru a kowace. Ya san in ya faɗi gaskiya, mutumin da zai kai wa Hajaratu ba zai ƙara zama mutum ba.

"A'a. Gudun fitar rai ne ya kai shi bakin gonarka, kamar yadda dabba ke yi in an same ta. Ko kana gindin itacen ba abin da za ka iya."

Zailani ya durƙusa a bakin rafin ya rufe fuska yana kuka. Gide ya tsaya ya ba shi baya har ya gama. Da ya miƙe ya wanke fuska ya sha ruwa da yawa, sannan ya tambaya a hankali ko yaran suna lafiya. Gide ya ce lafiya lau, suka ci gaba da tafiya.

Da suka zo mararrabar da gajeriyar hanya ke bi ta gindin marken, Gide ya ɗauki doguwar, domin ba a yi ruwan da zai wanke sawun ba tukuna, kuma Zailani ba makaho ba ne.